Kitse A Hanta: Abin Da Takardar Awon Jini Ke Faɗa Da Wanda Take Ɓoyewa

Duk wanda ya taɓa zuwa asibiti a Ikko ko Badun ko Fatakwal aka ce a ɗebi jininsa don a duba hantarsa, ya san irin takardar da akan miƙo masa bayan kwana ɗaya ko biyu. Haruffa ne a jere, kowane rukuni da lamba a gabansa: ALT, AST, GGT da sauransu. Wasu ɗakunan awo har yanzu tsofaffin sunaye suke bugawa, watau SGPT a maimakon ALT, SGOT kuma a maimakon AST. Galibin mutane abu guda suke dubawa: shin akwai lambar da aka ja wa layi ko aka sa mata alama? In babu, sai a linke takarda a sa a aljihu, a ce alhamdu lillahi, hanta lafiya lau.

To, ga mai ƙiba, musamman mai tumbi, da kuma mai ciwon sukari, wannan hukunci yana da haɗari. Mutum yana iya samun lambobinsa daidai wa daida alhali kuwa hantarsa ta yi nisa wajen lalacewa. Wani kuma lambarsa ta hau har ta hana shi barci, alhali hantarsa tana nan da ƙarfinta. Dalilin haka ba mai wuyar ganewa ba ne, kuma akwai wani ɗan lissafi da likita zai iya yi da lambobin nan cikin minti ɗaya, wanda ya fi duban alama nesa ba kusa ba.

Cutar Da Aka Daɗe Ana Ɗora Wa Giya

Hanta ta fi duk kayan ciki girma. Ta babban mutum takan kai kilo ɗaya da rabi. Tana zaune ta wajen dama, ƙarƙashin haƙarƙari. Abin da hanji ya tsotsa daga abinci ta wurinta yake fara bi. Ita ke ajiye sukari ta sake shi in ana bukata, ita ke yin ruwan maɗaci, ita ke yin sinadaran da ke sa jini ya daskare in an ji rauni, ita ce kuma ke warware yawancin magunguna. Lafiyayyiyar hanta tana da ɗan kitse kaɗan. In kitsen ya cika fiye da kashi 5 cikin 100 na ƙwayoyinta, sai likitoci su ce hanta ta tara kitse. Mahaucin da ya daɗe a sana'a ya san irinta a jikin dabba: ta kan yi fari-fari ko rawaya, ta bar maiƙo a wuƙa.

Tun da daɗewa likitoci suka san giya tana tara kitse a hanta, ta kumbura ta, daga baya ta ƙandare ta. Saboda haka in sun ga irin wannan hanta sai su ce mai ita mashayi ne, ko ya amsa ko bai amsa ba. Cikin shekarar 1980 wani likita mai duba naman jiki a madubin asibiti, Jurgen Ludwig, tare da abokan aikinsa na asibitin Mayo da ke Jihar Minesota ta Amurka, suka bayyana labarin majiyyata 20. Hantarsu ta yi kama da ta mashaya sak, amma ba su shan giya. Yawancinsu mata ne, galibi masu ƙiba, da dama kuma suna da ciwon sukari. Ludwig ya lura cewa rashin sanin cutar ya sa likitoci suna ta matsa wa bayin Allah su amsa laifin da ba su yi ba.

Wannan magana ta shafi 'yan Arewa mazauna Kudu ta fuska biyu. In likita ya tambayi mutum ko yana shan giya, ba cin mutunci ba ne, tambayar aiki ce, domin sai an kawar da wannan kafin a san inda aka nufa. Sa'an nan kuma wanda bai taɓa kai kwalba bakinsa ba kada ya ɗauka ya tsira. A Yunin 2023, manyan ƙungiyoyin likitocin hanta na Amurka da Turai suka sauya wa cutar suna ɗungurungum, suka cire maganar giya daga cikinsa, suka danganta ta da ƙiba da sukari da hawan jini da maiƙon jini. A katin asibiti ana iya ganin tsohon taƙaitaccen suna, NAFLD, ko sabon, MASLD. In har hantar ta kumbura, a dā akan rubuta NASH, yanzu kuwa MASH.

Ana ƙiyasin kusan mutum 3 cikin kowane 10 na manya a duniya suna da kitse a hanta. Cikin masu ciwon sukari irin na manya kuwa, watau wanda ke zuwa bayan an girma, abin ya haura rabi. Alƙaluman Afirka sun fi na sauran wurare ƙasa. Wani bincike da aka yi a garin Dalas na Amurka a 2004, kan mutum fiye da 2,000, ya sami cutar a kashi 45 cikin 100 na 'yan asalin Latin Amurka, kashi 33 na Turawa, kashi 24 na baƙar fata; daga baya, a 2008, aka gano gado yana da hannu a wannan bambanci. A Ikko ma, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Legas da ke Ikeja sun bayyana a 2011 cewa cikin waɗanda suka yi wa hoton ciki, ƙasa da kashi 10 ne suke da ita. Amma ba abin sakin jiki ba ne. Hoton ciki ba ya ganin kitse sai ya yi yawa, kuma masu sukari ƙaruwa suke yi: ƙungiyar duniya mai lura da ciwon sukari ta ƙiyasta manya miliyan 3.6 a Nijeriya a 2021.

Ina kitsen yake fitowa? Da yawa za su ce daga cin kitsen nama da mai. Wannan kaɗan ne daga ciki. A 2005 masu bincike a Minesota suka bi sawun kitsen da ke hantar wasu majiyyata, suka tarar kashi 15 cikin 100 kacal ne ya zo kai tsaye daga maiƙon abinci. Kashi 59 daga kitsen jikin mutumin ne, kashi 26 kuma hantar ce da kanta ta ƙera shi, galibi daga sukari da abinci mai sitaci. Abin da ke faruwa shi ne, in ƙiba ta yi yawa jiki yakan daina jin maganar insulin, watau sinadarin da ke shigar da sukari cikin tsoka ya kuma hana kitse watsuwa. Sai kitsen tumbi ya yi ta malala cikin jini, hanya kuwa ta hanta ce. Ita kuma hanta, ga sukari ya yi mata yawa, sai ta yi ta mai da shi kitse.

A nan ne zaman Kurmi ya shigo. Mutumin da ya tashi yana noma ko kiwo, yau ya wuni zaune a shago ko bakin tebur na canji, ko a kujerar babbar mota yana jiran lodi a Apapa. Da safe shayi mai kauri da burodi, da rana shinkafa ko teba, zafi ya taso a kora da lemon kwalba. Kwalba ɗaya mai rabin lita tana ɗauke da sukari wajen giram 50, kimanin cokalin shayi 12. In tumbi ya fito kuma aka je gida da salla, sai a ce wane ya samu, hutu ya karɓe shi.

Yadda Lambobin Ke Shiga Jini

ALT da AST wasu sinadarai ne da ake kira enzayim. Jiki ne ke yin su don su hanzarta aiki a cikin ƙwayoyin halitta, kuma aikin waɗannan biyu shi ne sarrafa kayan gina jiki. Mazauninsu cikin ƙwayar ne; kaɗan ne ke yawo a jini. In ƙwayar hanta ta ji rauni ko ta mutu, sai abin da ke cikinta ya zube, lambar ta hau.

Ba don hanta aka fara awon ba. A 1954 da 1955, a birnin Niyok, Arthur Karmen, wanda a lokacin ɗalibin likita ne, tare da Felix Wroblewski da John LaDue suka nuna cewa AST yana hawa a jinin wanda zuciyarsa ta buga. Ba a daɗe ba suka ga yana hawa a ciwon hanta ma. A 1957 Fernando De Ritis na birnin Nafoli a Italiya ya nuna amfanin gwada AST da ALT a ga wanda ya rinjayi wani, kuma har yau likitoci suna kiran wannan gwadi da sunansa.

Daga wannan tarihi mai karatu zai gane abu ɗaya: AST ba na hanta kaɗai ba ne. Akwai shi a zuciya, da tsoka, da jajayen ƙwayoyin jini. ALT ya fi zama na hanta. Shi kuwa GGT yakan hau da giya, da wasu magunguna, da toshewar hanyar maɗaci, da kitse ma, saboda haka shi kaɗai ba ya nuna mai laifi. A farkon tara kitse ALT ne kan fi AST, kuma hawan ba ya yawa; da wuya ya wuce ninki huɗu ko biyar na iyaka. In AST ya zo ya ninka ALT sau biyu, likita zai yi zaton giya. In kuwa mai kitse ne da ba ya sha, aka ga a hankali AST ya kamo ALT har ya wuce shi, to wannan na iya zama alamar hanta ta fara yin tabo, ko da lambobin biyu ba su da yawa.

Tabo shi ne ainihin zancen. Kitse kaɗai, ga yawancin mutane, ba ya kai hanta ga mutuwa. Ga wasu ne yakan jawo kumburi, ƙwayoyi su yi ta mutuwa, jiki ya yi ta cike gurbinsu da wani nama mai tauri irin na tabon rauni. Likitoci sun kasa tabon mataki-mataki, daga F0, watau babu, zuwa F4, watau hanta ta ƙandare. Daga F4 ne ake shiga kumburin ciki da ruwa, da shawara, da aman jini, da ruɗewa, da sankarar hanta. Tafiyar takan ɗauki shekara goma, ashirin, ko fiye, kuma cikin shiru, domin cikin hanta babu jijiyar jin zafi, sai a fatar da ta lulluɓe ta. Bincike iri-iri ya nuna matakin tabon ne ya fi komai nuna wanda cutar za ta kayar.

To, ALT ba tabo yake aunawa ba, zubar yau yake aunawa. Ɗan kasuwar hatsi zai gane wannan da sauri. In ya shiga sito ya ga gero a ƙasa, ya san akwai buhun da ya huje. In bai ga komai ba, ko dai buhunan lafiya lau suke, ko kuwa ɓarnar ta riga ta auku tuntuni, an share, saura kaɗan a ciki. Hantar da ta ƙandare ƙwayoyinta masu rai sun ragu, kitsen ma sau da yawa yakan ragu, sai lambar ta dawo ta zauna lafiya cikin iyaka kamar ba a yi komai ba.

Ba zato ba ne. A binciken nan na Dalas, kashi 79 cikin 100 na waɗanda aka samu da kitse a hanta ALT ɗinsu daidai yake. A 2003 likitocin garin Ricimon a Jihar Bajiniya suka duba naman hantar mutum 51 masu kitse waɗanda ALT ɗinsu bai hau ba: 12 suna da tabo mai zurfi, 6 kuma hantarsu ta riga ta ƙandare. A 2015 kuma wasu likitoci a Amurka suka auna masu ciwon sukari 103 waɗanda enzayim ɗinsu ke daidai, suka tarar rabinsu suna da kitse a hanta.

Daɗin daɗawa, ita kanta iyakar da ake bugawa a takarda tana da magana. Ɗakunan awo da yawa suna sa 40, wasu har 50 ko fiye. An tsai da waɗannan iyakoki ne tun zamanin da ba a iya gane masu kitse da masu ɓoyayyen ciwon hanta a cikin waɗanda aka ɗauka lafiyayyu. A 2002 Daniele Prati da abokan aikinsa a birnin Milan suka sake lissafi da jinin masu ba da jini fiye da 6,000, suka ware waɗanda babu wani abin zargi a jikinsu, suka sami iyaka 30 ga maza, 19 ga mata. Ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka a 2017 ta tsai da 29 zuwa 33 ga maza, 19 zuwa 25 ga mata. Watau mace mai ciwon sukari da ALT ɗinta ya nuna 38, takarda ba za ta sa mata alama ba, alhali ta ninka iyakar Milan sau biyu.

Lissafin Minti Ɗaya

Tabbataccen awon tabo shi ne a soka allura ta tsakanin haƙarƙari a tsakuro ɗan nama a duba a madubi. Yana da tsada, yana da zafi, wani lokaci yakan jawo zubar jini, kuma ba yadda za a yi wa miliyoyin mutane. Shi ya sa aka nemi hanya mai sauƙi. A 2006 Richard Sterling da abokan aikinsa suka fito da wani lissafi da ake kira FIB-4. Asali don masu ƙanjamau da ke ɗauke da ciwon hanta nau'in C aka yi shi, daga baya aka ga yana aiki ga masu kitse.

Abu huɗu yake bukata: shekarun mutum, AST, ALT, da yawan ƙwayoyin da ke daskarar da jini, waɗanda ake rubuta wa PLT a takardar ƙidayar jini. Me ya kawo su cikin zancen hanta? In hanta ta yi tauri jini ba ya ratsa ta da sauƙi, sai ya koma baya ya taru a saifa, saifa ta kumbura ta riƙe ƙwayoyin nan. Kuma hanta ce ke yin sinadarin da ke umurtar ɓargo ya ƙera su. Saboda haka raguwarsu shaida ce ta daban, wadda ba ta dogara da zubar yau ba.

Ana ninka shekaru da AST. Sa'an nan a ninka PLT da tushen ALT, watau lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da ALT. Sai a raba na farko da na biyu. In amsar ta gaza 1.3, da wuya a ce akwai tabo mai zurfi. In ta wuce 2.67, akwai zargi mai ƙarfi, sai a tura mutum wurin likitan hanta. Abin da ke tsakani kuwa sai an ƙara wani awo.

Alal misali, a ɗauki mutum biyu. Na farko shekararsa 45, ALT 64, AST 40, PLT 280. Takardarsa tana da alama, hankalinsa ya tashi. Lissafi: 45 sau 40 ya ba da 1,800, tushen 64 shi ne 8, 280 sau 8 ya ba da 2,240, an raba, an sami 0.8. Hantarsa tana zuba, lalle a nemi dalili, amma da wuya ta yi tabo mai zurfi. Na biyu shekararsa 58, ALT 36, AST 39, PLT 135. In iyakar 40 aka buga, enzayim ɗinsa babu alama ko ɗaya. Lissafi: 58 sau 39 ya ba da 2,262, tushen 36 shi ne 6, 135 sau 6 ya ba da 810, an raba, an sami kusan 2.8. Wannan, wanda ya linke takardarsa yana murna, shi ne ya kamata ya ga likitan hanta.

Lissafin ya fi ƙwarewa wajen wanke mutum fiye da kama shi. Lamba mai yawa zargi ce, ba hukunci ba. Ba a dogara da shi ga wanda bai kai shekara 35 ba, domin ƙarancin shekaru yakan danne amsar. Ga wanda ya kai 65 kuwa shekaru ne ke kumbura ta, sai a ɗaga iyakar ƙasa daga 1.3 zuwa 2.0. Ƙungiyar likitocin ciwon sukari ta Amurka, a ƙa'idodinta na 2023 da waɗanda suka biyo baya, ta ce a riƙa yi wa manya masu ciwon sukari wannan lissafi, musamman masu ƙiba, ko da enzayim ɗinsu daidai yake.

Awo na biyu da aka fi sani shi ne na wata na'ura mai suna FibroScan, wadda aka ƙera a Faransa ta fito a 2003. Ana ɗora ta a haƙarƙarin dama, ta aika ɗan girgiza cikin hanta, ta auna saurin tafiyarsa. In hanta ta yi tauri, girgizar ta fi sauri. Minti kaɗan ne, babu allura. In awon ya gaza 8, hankali ya kwanta. Hoton ciki na yau da kullum kuwa yana iya nuna kitse in ya yi yawa, amma ba ya faɗin matakin tabo.

Ba Kowane Hawa Ne Na Kitse Ba

A Ingila ko Amurka in mai ƙiba ya zo da ALT a sama, galibi kitse ne. A Nijeriya wanda ya tsaya nan ya yi ganganci. Babban binciken ƙasa na 2018 ya sami ciwon hanta nau'in B a kashi 8.1 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64, nau'in C kuma a kashi 1.1. Sai a 2004 aka shigar da allurar rigakafin nau'in B cikin alluran yara, ke nan duk wanda ya girme wannan shekara bai same ta yana jariri ba. Saboda haka duk wanda enzayim ɗinsa ya hau, ko aka ce hantarsa ta tara kitse, lalle ne a auna shi nau'in B da C. Na farko ana rubuta awonsa HBsAg. Mutum na iya haɗa biyu, ga ƙwayar cuta ga kitse, kuma ɓarnar takan fi sauri. Gyaɗa da masara masu fumfuna su ma suna ɗauke da wata guba da ke ƙara haɗarin sankarar hanta, musamman ga mai nau'in B.

Zazzaɓin cizon sauro yana rage PLT, yana kuma iya ɗaga enzayim, don haka lissafin da aka yi da jinin mai zazzaɓi ƙarya zai faɗa. A bari a warke tukuna. Ɗan dako da ya wuni yana sauke buhunan albasa a kasuwar Mil 12, AST ɗinsa na iya hawa daga tsoka, hanta ba ruwanta. Magungunan tarin fuka sanannu ne wajen taɓa hanta. Farasitamol ma, da ake sha kamar gyaɗa saboda gajiya, in ya wuce giram 4 a yini, watau ƙwaya 8 masu miligiram 500, yana iya yin mummunar ɓarna.

Sai kuma jiƙe-jiƙe. Maganin basir, maganin sanyi, maganin ƙarfin maza, agbo na Yarabawa, da kwalaben da ake talla a tasha ana cewa suna wanke hanta. Wasu itatuwan suna cutar da hanta, kuma mai sha bai san abin da aka zuba ba, balle adadinsa. Abin takaici shi ne mutane sukan ɓoye wa likita wannan, don kunya ko don ba su ɗauke shi magani ba. Wanda ya ɓoye, ya bar likita yana neman ɓarawo a inda ba ya nan. Hanta kuwa ba tukunya ba ce da za a wanke ta da ruwan ɗaci.

Ana Iya Juyawa

Daɗin abin shi ne kitse yana fita, kumburi yana sacewa, tabo ma yana iya raguwa in bai kai ƙarshe ba. A 2015 Eduardo Vilar-Gomez da abokan aikinsa a birnin Habana na ƙasar Kuba suka bi majiyyata 293 har shekara guda, suka duba naman hantarsu a farko da ƙarshe. Cikin waɗanda suka rage kashi 10 cikin 100 na nauyinsu ko fiye, kumburin ya gushe wa 9 cikin 10, tabo kuma ya ja baya ga kusan rabinsu. Sai dai kaɗan ne suka iya rage wannan nauyi, kimanin mutum 1 cikin 10. Rage kashi 5 ma yana rage kitse. Ga mai kilo 90, kashi 5 kilo huɗu da rabi ne, kashi 10 kuma kilo 9.

Wuri mafi sauƙin farawa shi ne abin sha: lemon kwalba da sukarin shayi. Sai rage malmala, a ƙara wake da ganye. Sai tafiya da sauri minti 150 a mako, watau rabin awa sau biyar. Motsa jiki yana rage kitsen hanta ko da sikeli bai nuna sauyi ba. Igiyar awo ta tela ma tana da amfani: ƙugu da ya wuce santimita 94 ga namiji, ko 80 ga mace, ya shiga layin haɗari, ko da sauran jikin bai yi ƙiba ba.

Shekara da shekaru babu wani magani da aka amince da shi musamman don wannan cuta. A watan Maris na 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da na farko, resmetirom, ga masu kumburi da tabo mataki F2 ko F3. A watan Agusta na 2025 ta ƙara da semaglutide, allurar da aka riga aka sani wajen sukari da rage ƙiba. Duka biyu masu tsada ne ƙwarai. Akwai kuma tsohon maganin sukari mai suna pioglitazone da aka ga yana rage kumburin hanta, ko da yake yana ƙara nauyi, kuma ba a ba mai ciwon zuciya shi. Likita ne zai zaɓa. Wanda aka ba maganin rage maiƙon jini kada ya daina don an ce hantarsa tana da kitse, domin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki sun fi ita hantar kashe masu wannan cuta.

Mai ciwon sukari ko mai tumbi da zai je awo na gaba, sai ya roƙi a haɗa masa ALT da AST da ƙidayar jini a ɗiba ɗaya, in bai taɓa yin HBsAg ba a ƙara da shi. Ya je ranar da ba ya zazzaɓi kuma bai yi aikin ƙarfi ba, ya tafi da kwalayen duk abin da yake sha, na asibiti da na gargajiya. In takarda ta fito ya tambayi likita nawa FIB-4 ɗinsa ya kama. In ya gaza 1.3, mai ciwon sukari ya sake bayan shekara ɗaya ko biyu. Wanda kuwa aka tabbatar hantarsa ta ƙandare, akan yi masa hoton ciki duk wata shida, don in sankara ta tsiro a same ta tana ƙarama. Tsofaffin takardu kuma a adana su wuri ɗaya, a riƙa zuwa da su ko an sauya asibiti ko an koma gida, domin PLT da ya sauko daga 260 zuwa 170 cikin shekara biyar, a kowace takarda ɗaya-ɗaya daidai zai nuna.